Ƙafafun Jirgin Muntaka

Da hantsi wani mai keke ya tsaya a ƙofar gidana, ya ce Dagacin Rijiyar Gawo na kirana, an sace wa jirgin sama ƙafafu. Sai da na sa ya maimaita, don na zaci yunwa ce ta fara taɓa mini kunne.

Damina biyu ke nan ruwa yana yaudararmu, ciwon bushiya kuma ya share shanun da nake cin abinci da bin sawunsu. Ni Mati, da ake aiko mini har daga Zakirai in an kore garke, na koma neman akuyar da ta ɓata a sallame ni da ƙoƙon kunu. Don haka ban tsaya jan aji ba, na ɗauki sandata na hau bayan keken.

Labarin jirgin kuwa babu wanda bai ji ba a ƙasar Minjibir. Muntaka, wani bakanike mai walda da ya dawo gida bayan an rufe kamfanin da yake aiki a birni, shi ya haɗa shi da bututun ƙarfe da kwanon rufi da injin tsohuwar mota. Ya sassaƙa masa farfela da icen maɗaci, ya sa masa tayoyin ƙaramin babur guda biyu, a wutsiya kuma wani lanƙwasasshen ƙarfe mai jan ƙasa kamar garma. Da fari mahaukaci ake ce masa. Sai wani attajiri daga birni ya zo kallo, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in wannan abu ya rabu da ƙasa a gabansa ko da kamu ɗaya ne, zai aiko wa garin mota guda ta hatsi. Wataƙila ba'a yake yi. Amma mutanen da suka koma cin tafasa da dusa ba su ji ba'a a ciki ba. Daga ranar Muntaka ya tashi daga mahaukaci ya koma ɗan albarka.

A wajenmu babu ƙasar da ke zaune banza, gona na jingine da gona har bakin gida. Sai da mutum huɗu suka ba da aron gonakinsu, aka yi gayya aka baje kunyoyi, sannan jirgi ya sami filin gudu. A gaban Dagaci aka yi alkawari, ba mai sa fartanya ko iri a wurin sai an gwada jirgi. Attajirin zai zo gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Yau kuma aka wayi gari babu tayoyi.

* * *

Na tarar da rabin gari a ƙofar fada. An ɗaure wani siririn mutum a jikin turke, bakinsa ya fashe, ido ɗaya ya kumbura. Matarsa na cikin wani zaure, ba a ganinta, kukanta kawai ake ji.

"Sabo ke nan, mai yanka taya yana yin takalma," in ji Dagaci Hadi bayan mun gaisa. Na san shi dattijo mai haƙuri, amma ranar haƙurin ya ƙare. "Malam Mati, ba don ka wanke shi na kira ka ba. Ka gano mini inda ya ɓoye su. In magariba ta yi babu tayoyi zan miƙa shi ga hukuma, in jama'a sun bari ya kai."

Kowa ya san ma'anar wannan a zamanin soja. Wanda aka kai da sunan sata ba ya dawowa shuka, kuma babu mai ciyar masa da 'ya'ya a shekara irin wannan.

"Ranka ya daɗe, me aka gani?"

Jama'a suka amsa mini gaba ɗaya, kowa na hawa kan maganar wani. An ga sawun takalmin taya a gindin jirgi. An taɓa jin Sabo na cewa tayoyin nan za su yi takalma masu kyau. An kuma gan shi da sassafe yana dawowa daga bayan gari da buhu, gwiwoyinsa duk ƙasa.

Na tsuguna a gabansa.

"Malam Mati, dubi ƙafafunsu," ya ce da ƙyar. "Tsofaffin tayoyin babbar mota na samu bara, da su na yi wa garin nan takalma, maza da mata. Wanda ya fasa mini baki ma aikina ne a ƙafarsa."

Na duba. Gaskiyarsa, har shi Dagacin.

"Buhun fa?"

Ya sunkuyar da kai. Sai da na matso da kunnena sannan ya yi magana.

"Gidan tururuwa na je tonawa. Ba ni da irin shuka ko cikin tafi. Babu ƙofar da ban tsaya ba, har tsohuwa Gwaggo Hure na roƙa, ta buɗe mini rumbunta na gani wayam. Shi ne na ce bari in ƙwace na tururuwa. Yanzu in faɗi wannan a gaban surukaina?"

Na juya hannuwansa, cizon tururuwa ne tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ni dai na yarda da shi. Amma na san waɗannan mutane ba cizon tururuwa suke son gani ba, tayoyi suke so, ko kuma wanda za su huce a kansa.

* * *

Jirgin na ƙarƙashin wani gawo a farkon fili. Gawon ya soma zubar da ganye, alamar damina ta kusa ke nan, amma sama fes take, ko gajimaren ƙarya babu. Ƙasar wurin kuwa an tattake ta kamar an ci kasuwa. Kullum haka suke yi, sai sun gama kashe sawu da ƙafafunsu sannan su tuna da Mati.

Muntaka na zaune a inuwar fiffike, idanunsa jajir. Jirgin na ɗore a kan turame biyu da aka kifa, ƙafafunsa na ƙarfe na reto babu taya.

"Ɓarawon ne ya ɗora shi a kan turmi?" na tambaye shi.

"A'a, Baba, ni ne. Haka nake yi duk sanda zan duba ƙafafun." Da ya fara bayani sai muryarsa ta dawo. "Mutane inji suke kallo, amma ƙafa ita ce jirgi. Ita ke ɗaukar gudu, ita ke karɓar faɗuwa. Jiya da yamma na ɗaga shi, na cire tayoyin, na wanke boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke cikinsu, da kananzir. Giris ya ɓace a kasuwa, man kaɗanya nake cusa musu. Na sake naɗe robar nan da ke shanye girgiza, don rana na cinye ta. Sannan na mayar da tayoyin sako-sako, noti da hannu kawai na murza, na zura ƙusar da ke tare shi ban lanƙwasa ba. Na ce da safe in ɗaure."

"Wato ko ba sifana za a iya cirewa."

"Ko yaro zai iya, in ya taɓa ganin ina yi."

"Wa ya taɓa gani?"

Ya yi murmushin takaici. "Wa bai gani ba? Mutane ba aiki, nan suke wuni."

Na durƙusa na duba bakin ƙarfen da taya ke juyawa a kai. An naɗe shi da tsumma an ɗaure tam, dama da hagu. A ƙarƙashin fiffike kuma ga gwangwani, notoci biyu da ƙusoshi biyu a ciki.

"Kai ka ɗaure tsumman nan?"

"Haka na same shi."

"Amfaninsa?"

"Yashi. In yashi ya manne wa man kaɗanyar, zai ci ƙarfen. Kullum ina faɗa."

Na daɗe ina bin ɓarayi, ban taɓa ganin wanda ya kore saniya ya tsaya share mata turke ba. Wannan ya ɗauke tayoyi, amma ba ya son jirgin ya lalace.

"Wa kake zargi?"

"Ba Sabo ba," in ji Muntaka. "Na faɗa, ba a ji ni ba. Basiru mai kurar ruwa nake tunani. Shi ke riƙe mini taya in ina wanki, ya san zancen yashi, kuma ya sha roƙona in sayar masa da su."

* * *

Na sami Basiru a bakin rijiya. Ƙato ne da yunwa ta rage wa nama ta bar masa faɗin kafaɗa. Kurarsa, wato amalanken da yake tura jarkoki a kai, na tsaye a karkace, tayarta ɗaya an cusa mata tsummokara saboda ta daina riƙe iska.

"Na ji an ce kana son tayoyi," na ce.

"Ina so mana, Malam. Ina son nama ma, ka ga na yanka wani?" Ya tofar da yawu. "Ka bincika ɗakina, ba shi da ko ƙyaure. Satar nan ni ta fara cuta. Yau ne zan yi jigilar ruwan daɓe, Dagaci ya yi mini alkawarin mudun dawa. Da aka ce ba taya, kowa ya watse, wa zai yi wa gurgun jirgi daɓe?"

"Wane daɓe?"

"Can ƙarshen fili, gonar Gwaggo Hure. Muntaka ya ce ƙasarta ta yi laushi, taya na nutsewa, kuma a nan ne jirgi zai ɗaga. Shi ne aka ce yau a yayyafa ruwa a daddaɓe ta kamar tsakar ɗaki. Ga jarkokin nan na cika tun safe, rijiyar ma da ƙyar ta ba ni."

Na dubi ƙafarsa, faɗinta ya kusa na faifai. Na ajiye wannan a raina, na koma fili. Rana ta riga ta karkata, ni kuwa ba ni da komai a hannu sai mutum biyu da ban yarda sun yi ba.

* * *

Na bar gindin gawo, na yi nisa inda 'yan kallo ba su tattake ba, na fara yanka filin a gicciye. Ko'ina shatin tsintsiya ne. Wani ya gaya mini aikin Gwaggo Hure ne, kullum da safe takan share ƙaya da tsidau don kada su huda tayoyi. Ita ta raini Muntaka bayan rasuwar uwarsa, turamen ma nata ne, ta ba shi aro tun da babu abin dakawa.

A gona ta biyu na samu. Takalmin taya ne, ƙarami, taku gajere, dunduniya ta nutse, mai shi na ɗauke da kaya a ka. Tsintsiya ta bi ta kansa, amma tsintsiya saman yashi take gyarawa, ba ta tayar da inda nauyi ya danne. Kusa da shi ga wani irinsa, ya je ya dawo ya sake tafiya. Ashe ɗaya-ɗaya aka kwashe tayoyin. Da Basiru ne, haɗa su zai yi a hammata ɗaya ya wuce yana waƙa.

Sawun ya ratsa gonaki uku a karkace, yadda mai sauri ke yanke hanya zuwa gari. Da ya iso kututturen gamba da ke nuna iyakar gona ta huɗu, ta Gwaggo Hure, sai ya canja hali. Ya daina yanke. Ya miƙe sak kamar an ja zare, ya yi tafiya mai tsawo, sannan ya juya kwana guda, yana ɗaga ƙafa yana tsallake wani abu da ni ban gani ba. Daga nan ya hau busasshiyar hanyar rijiya, ya ɓace cikin sawun gari duka.

Na tsaya ina ta kallon wurin. Fili ne fetal, ba kunya, ba ƙaya, ba rami. Me mai gudu da kayan sata zai tsaya tsallakewa?

Sai wani hoge ya wuce ta gefen kunnena. Gwaggo Hure ce, 'yar tsohuwa, zaune a bakin gonar, tsintsiya a cinyarta, tana jifan zabi.

"Sannu, Gwaggo."

"Yawwa, Malam Mati. Sannu da rana." Ba ta dube ni ba, zabin take kallo. "Ɓata wa yaron nan fili suke yi."

Na dubi zabin. Gonaki uku na can a buɗe babu ko ɗaya, duk a nan suka taru. Kuma tonon nasu ba barkatai ba ne, a jere yake, layi-layi.

Na koma inda sawun ya tsallake, na tsuguna na ba ta baya, na zura yatsa cikin yashi. Ƙwayoyin gero suka fito a tafina, busassu, lafiyayyu. Na matsa taku guda na sake tonawa, ga wasu. Binne ne, shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa a bar iri ya jira ruwan fari. An yi ta, an bi da tsintsiya an shafe.

Na mayar da ƙwayoyin na rufe da dunduniya. Wallahi ban taɓa baƙin cikin gano sawu kamar ranar ba. Na so a ce ƙaton ɓarawo na samu mai wuƙa a ƙugu. Amma Sabo na can a turke, inuwa kuma sai tsawo take yi.

* * *

Bayan la'asar na sa Dagaci ya tara mutane a bakin gona ta huɗu. Aka kawo Sabo da igiya a hannu. Muntaka ya zo, Basiru ya turo kurarsa kamar yadda na ce masa. Gwaggo Hure na nan inda na bar ta.

"Ina tayoyin?" wani ya yi ihu tun ban buɗe baki ba.

"Ranka ya daɗe," na ce wa Dagaci, "sawun takalmin taya ba shaida ba ce, kowa ya dubi ƙafarsa. Wanda ya yi abin nan ƙafarsa ƙarama ce, ba ta Basiru ba. Ba shi da ƙarfin ɗaukar taya biyu a tashi ɗaya. Ya naɗe ƙarafan da tsumma, ya adana notoci, wato ba sayarwa zai yi ba, ba kuma yankawa ba. So yake jirgin ya tsaya, ba ya mutu ba. Mai yanka takalmi ba ya wannan wahala."

"Malam Mati, suna muke so, ba wa'azi ba," in ji Dagaci.

"To. Tun da tayoyi za su fito, kada a ɓata lokaci. Basiru, fara yayyafa ruwan daɓen nan."

Basiru ya dube ni kamar na zare, amma ya sauke jarka ya kwance murfi. Ya ɗaga ta ke nan zai karkata.

"Kada ka zuba!"

Ban san tsohuwa na iya tashi da irin wannan sauri ba. Ta riƙe bakin jarkar da hannu biyu.

"Kada ka zuba, ɗan nan. In ya ji ɗan ruwa zai tsiro, rana ta ƙone shi. Shi ke nan abin da ya rage."

Manoma ne duka, babu wanda ya nemi ƙarin bayani.

"Gwaggo," in ji Muntaka, muryarsa kamar ta yaro. "Binne kika yi a filin?"

"Na yi." Ta saki jarkar ta fuskanci Dagaci. "Ranka ya daɗe, na karya alkawari, ban musa ba. Ɗana ya tafi ci-rani bai dawo ba, ya bar mini jikoki. Irin gero na ɗaure a tsumma na rataye a ɗaki. Kullum yaran nan suna kuka suna kallon ƙullin, ni ma ina kallo. Ranar da na tsinci kaina na kwance bakinsa na nufi tukunya, na san in ya ƙara kwana a ɗakin nan cinye shi za mu yi. Sai na kai shi inda hannuna ba zai kai ba. Ina shara ina binnewa, kaɗan-kaɗan. Na ce taya biyu ce za ta wuce, Allah zai tsare sauran. Jiya kuma na ji zancen daɓe."

"Me ya hana ki faɗa mini?" in ji Muntaka.

"In faɗa maka ka fasa, gari ya tsine maka? Ko in faɗa wa gari ina da iri, bayan na nuna wa masu roƙo rumbu wayam?" Ta share fuska da gefen mayafi. "Tayoyinka na cikin rumbun, na lulluɓe su da zane saboda rana. Na ce in baƙon ya zo ya koma, in mayar."

Sabo ne ya yi magana, bakinsa da ƙyar yake buɗuwa.

"Gwaggo, kina ji ana dukana."

"Ina ji, Sabo."

"Tun safe."

"Ina ji. Na tashi zan zo, sai in ga zabi sun sauka."

Ba ta ce ya yafe mata ba, shi ma bai ce ya yafe ba. Dagaci da kansa ya kwance igiyar, bai iya haɗa ido da shi ba.

Sai hayaniya ta ɓarke. Wasu na cewa a kore ta, wasu na cewa tsufanta ya cece ta. Wani ya ce ƙullin gero guda ne zai hana gari motar hatsi? Dagaci ya ɗaga hannu ya yanke hukunci. Lokacin daɓe ya wuce, amma gobe jirgi zai bi filinsa har ƙarshe, binne ko ba binne. Kowa ya san abin da zai faru, iskar farfela za ta yaye yashin, ƙarfen wutsiya ya tone layi, abin da ya rage zabi su gama. Gwaggo Hure ta sunkuya ta ɗauki tsintsiyarta. Muntaka ya je ya ɗauko tayoyinsa, ya zauna yana goge su har rana ta faɗi.

* * *

An sallame ni da mudun dawar da aka yi wa Basiru alkawari, muka raba. Ya kamata in tafi gida, amma na kasa.

Washegari bayan Juma'a attajirin ya iso a farar mota, aka shimfiɗa masa darduma a can gefen dama na gonar Gwaggo Hure, inda aka ce jirgi zai ɗaga. Gari duka ya jeru a bayansa. Na ga Muntaka ya zagaya ƙafafun jirgin, ya murza kowane noti da sifana, ya lanƙwasa ƙusoshin, ya danna fiffike ya ga robar ta karɓa. Aka janye turame. Basiru ya juya farfela, inji ya yi tari ya kama.

Jirgin ya taho. Gona ta farko yana rangaji, ta biyu ya miƙe, a ta uku wutsiyarsa ta rabu da ƙasa. Mata suka fara guɗa. Ni kaina, da ban taɓa yarda da abin ba, na ji ina cewa ya Allah, ya Allah. Ya doso kututturen gamba da gudun da ban taɓa ganin irinsa a ƙasar noma ba.

Sai ya karkace hagu. Ƙafar dama ta lanƙwashe ta karye da ƙara, fiffike ya daki ƙasa, jirgin ya ja ciki ta gefen gonar ya tsaya a cikin ƙura, can ɗaya ɓangaren.

Jama'a suka kwasa da gudu. Aka zaro Muntaka, goshinsa na jini, amma da ƙafarsa ya tsaya. Kafin ƙura ta lafa farar motar ta juya ta kama hanyar birni, ko sallama babu. Mutane suka bi ta da kallo har ta ɓace. Wani dattijo ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka, ba wanda ya ce masa ya yi shiru.

"Ita ce!" wani ya ce. "Ita ta taɓa ƙafar, ta lalata ta!"

Maganar ta kama kamar wuta a kara. Suka juya suna neman Gwaggo Hure, wadda ke tsaye ita kaɗai riƙe da tsintsiya. Fuskokin jiya ne na ƙofar fada, turken kawai za a canja wa mutum.

"Malam Mati," in ji Dagaci, "duba mana. Ƙafar ce ta ci amana?"

Na bi sawun tayoyin. Tun daga gona ta biyu sun taho sambal, biyu daidai, ba wadda ta yi rawa. Dab da kututturen gamba suka lanƙwasa tare, lanƙwasar hannun mai tuƙi. Karyewar daga baya ta zo. In na ce ƙafa ce, tsohuwa ta shiga uku. In na faɗi abin da na gani, Muntaka ne. Na tsaya da sanda a hannu ina kallon sawun.

"Ba sai ka faɗa ba, Baba," in ji Muntaka. "Ƙafar lafiyarta ƙalau, ni na ɗaure ta. Ni na juya." Ya share jinin da ke shiga idonsa. "Na yi niyyar wucewa, wallahi na yi niyya. Da na ga iyakar, hannuna ya ƙi."

"Ka kashe mu!" wani ya ce. "Saboda ƙullin gero ka kashe gari!"

Suka fara matsowa. A nan ne idona ya faɗa ƙasa, don ni ban iya kallon komai ba sai ƙasa. Na ga abin da ya sa na ɗaga sandata na yi tsawa, irin wadda ban san ina da sauranta ba.

"Ku tsaya! Kowa ya tsaya inda yake! A ina kuke da jirgin nan ya faɗi?"

"Can," suka ce, suna nuna dardumar da aka bari.

"Yanzu kuna ina?"

Suka dubi inda suke tsaye.

"Tsakanin can da nan gonar Gwaggo ce. Kun taho a guje, kuna zaton mutum na mutuwa. To ku nuna mini sawun mutum ɗaya a cikinta."

Suka waiwaya. Ga sawunsu nan, ɗaruruwa, takalman Sabo a kan takalman Sabo, sun yi dafifi sun bi ta bakin iyaka, sun zagaye gonar kaf kamar ruwa ya zagaye tudu. Maza da mata, yara da tsofaffi, har Dagaci da babbar rigarsa. Cikin gonar kuwa shatin tsintsiya na nan yadda aka bar shi da safe.

Wanda ya ce an kashe gari ya dubi ƙafafunsa, ya daɗe yana dubawa. Hannuwan da aka ɗaga suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Ba motar hatsi, ba jirgi, sama kuma har yanzu fes. Abin da garin ya mallaka duka yana kwance a ƙarƙashin wannan yashi, kuma yanzu kowa ya sani.

Zabi suka sauko daga kan gawo suka nufi gonar. Sabo ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki hoge da kumburarren hannunsa, ya jefe su.